Rasuwar Baba Incaji, da maganar abin da ya kamata mu yi masa

Sani Kula: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun da aka kai Baba Incaji makwancinsa ban ce uffan ba a nan, har wasu sun kira ni suna tambaya ko lafiya, lafiya ƙalau wallahi, kawai dai duk sanda na ɗauki waya sai in rasa ta inda zan faro. To jiya na ga Auwalu ya kawo shawarar a buga kalanda da hotonsa a raba wa asibitocin yankinmu, shi ne na ce bari in yi magana kafin a yanke.

Saboda ƙannenmu da suka shigo aiki kwanan nan, waɗanda suka san shi a dattijo mai zuwa ranar awo kawai. Baba ya kama aikin lafiya a 1988, lokacin nan duk Jihar Kano ce, sai a 1991 aka yanko Jigawa. Zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya ne, ana ta kafa kiwon lafiya matakin farko a ƙauyuka, to cikin 'yan wannan zubin yake. Ya yi yaƙin kurkunu a kan keke, ƙauye ƙauye yana raba ƙyallen tace ruwa yana roƙon mai kurkunu kada ya tsoma ƙafa a kududdufin da ake sha. Ya ga sanƙarau na 1996 da idonsa, kuma ba ya son a tayar da hirar. Ya yi ritaya a 2023 da ya cika shekara 35, amma har Allah ya karɓi ransa bai fasa zuwa ranar awo da ranar riga-kafi ba, ba kwabo ake ba shi ba.

Ni a 2011 aka turo ni wajensa, ɗan birni ne ni ban taɓa kwana a ƙauye ba, shi ya sama min ɗaki a gidan maƙwabcinsa, kuma daga ranar kwanonmu ɗaya, Inna matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuka mu zauna a barandar asibiti mu ci. Lokacin ba a kawo mana firij mai sola ba, mai kananzir muke da shi. Kullum bayan sallar asuba kafin ya koma gida sai ya biyo, ya durƙusa a bayan firij ɗin da tocila a baki yana datse lagwani da reza yana daidaita shi har wutar ta koma shuɗiya, ya ce min Sani in ka ga ta yi ja tana hayaƙi to maganin yaran mutane ne yake mutuwa a ciki. Sannan ya duba ma'auni ya rubuta a takardar da ke manne a murfi, safe da yamma, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ranar da ya wuce haka kuwa abin da ya gani shi zai rubuta. Sunan nan Kula da kuke kirana shi ya sa min don ni ya damƙa wa kular riga-kafi da ƙanƙararta.

Shi ya shige gaba wajen neman aurena, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Ban san lokacin da ya tashi daga shugabana a wajen aiki ya koma uba kuma aboki ba. Shi ya sa nake ganin kalanda ta yi masa kaɗan, kuma ma ba na jin zai so ta, mutumin da ko hoton taro ake ɗauka sai ya zame ya ce yana da mara lafiya. Amma ku ma ku faɗi naku.

Usaina: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba ya sa aljanna ce makomarsa. Yaya Sani Allah ya ba ka haƙuri, kai ne ka yi babban rashi a cikinmu.

Nura Lab: Allah ya gafarta masa ya haskaka kabarinsa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo

Auwalu Rekod: Amin ya Allah. Yaya Sani ni fa ba raina shi na yi ba da na ce kalanda, gani na yi nan da shekara kaɗan za a turo yara sabbi ba wanda zai san an yi wani mutum irin wannan a ƙasar nan. Ko ba kalanda ba a ƙalla a rubuta sunansa a ɗakin haihuwa.

Sani Kula: Na sani Auwalu, niyyarka mai kyau ce wallahi

Maman Walida: Ni abin da ba zan manta ba shi ne zagayen ɗigon foliyo, wato riga-kafin shan-inna. Ina cikin masu shiga gida, muna firaktikal daga makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun. Akwai wata yarinya a wani tim da aka gano tana shafa wa yara alama a ɗan yatsa ba tare da ɗiga musu ba, don iyayen sun ce a shafa kawai a wuce kada masu bin sawu su dame su, ita kuma tana so takardarta ta cika. Baba bai yi mata tsawa a gaban mutane ba, ya jira aka tashi taron yamma ya kira ta gefe, mu muna jiyo shi daga nesa yana cewa 'yata gidan da aka ƙi ki rubuta an ƙi, ni zan koma gobe, amma in kika rubuta an karɓa kin rufe min ƙofar gidan har abada kuma yaron yana nan ba kariya. Washegari da kansa ya ɗauki takardar ya rage adadin ya kai, duk da ya san a taron bita za a ce yankinsa ne a baya. Kuma an faɗa ɗin, yana zaune bai ce komai ba.

Malam Habu Duba-gari: Salamu alaikum. Allah ya jiƙan abokina. Tare muka taso a aikin nan, na girme shi da fara aiki da shekara ɗaya, kuma ni na yi masa wanka da ƙaninsa, don haka abin da zan faɗa ba da ƙiyayya ba ne, a gabansa ma na sha faɗa. Gaskiyarsa a kan alƙaluma ba wanda zai ja, wannan na sallama masa. Amma yadda yake lallashin masu ƙin riga-kafi har gobe ban yarda da shi duka ba. Mutum ya hana 'ya'yansa, kai ka je ka zauna a tabarmarsa kana hirar damina, zagaye ya wuce, wani ya zo ya wuce, kana cewa a bi shi a hankali. Cutar tana jiran ka ne? Ku yara ba ku ga abin da ya biyo bayan 2003 ba, da aka dakatar da ɗigon a Kano har tsakiyar 2004, shan-inna ta fantsama har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Akwai samari yanzu suna jan gindi a kasuwar Gujungu 'yan wannan lokacin ne. Abin da ya karya lagon ƙin nan shi ne da sarakuna suka shigo da ƙarfinsu daga 2009, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, mai gida ya san in ya ƙi zai amsa kira a fada.

Sani Kula: Baba Habu ranka ya daɗe, ba na musu da kai a kan rawar da sarakuna suka taka, shi ma marigayin bai taɓa musu ba, ai kafin kowane zagaye gidan dagaci yake fara zuwa. Inda kuka rabu shi ne kai kana kallon zagayen yau shi yana kallon ranar da matar gidan za ta yi naƙuda. Bari in ba da misali ɗaya da aka yi a gabana. Akwai wani malamin tsangaya a bayan fadama da ya rantse ba mai ɗiga wa 'ya'yansa da almajiransa komai, hujjarsa kuwa irin wadda kowa ya sani ce, wai yara na mutuwa da zazzaɓi da ƙyanda sai mun saya magani, amma wannan ana bin mu da shi har gida kyauta, me ke ciki? Kuma ya tuno gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau. Sufabaiza ya ce a kai ƙararsa. Baba ya ce a ba shi lokaci. Muka je a mashin, ko kular bai bari na sauke ba. Ya gaishe shi, ya ce Malam tambayarka gaskiya ce, ni ma da ni ne zan yi ta. Sai ya lura almajiran duk ƙazuwa ta cinye musu hannu, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, washegari ya dawo da maganin shafawa ya nuna yadda za a wanke kaya a shanya tabarmi a rana. Ya auna mahaifiyar malamin ya samu jininta ya hau sosai, ya ɗora ta a kan magani yana bibiya. Bai ambaci foliyo ba sam. Ranar da malamin ya aiko a zo a ɗiga, shi ya fara riƙe ɗansa na goye da hannunsa. Yau matansa duka suna zuwa awo, kuma shi ke yin sanarwar maganin zazzaɓin damina a masallaci. Da an kai shi fada zai bari a ɗiga don dole, amma wallahi ko gawa ba zai ƙara kawo mana ba.

Usaina: Sannu ba ta hana zuwa ai

Malam Habu Duba-gari: Ƙarasa karin maganar 'yata, sai dai a daɗe ba a je ba. Sani na ji ka, kuma na san malamin da kake nufi. Amma wannan gida ɗaya ne da Allah ya tsare yaran a watannin da aka yi ana lallashi. Da ɗaya ya shanye a tsakanin fa? Wa zai ɗauki alhakin? Ni abin da nake tsoro shi ne ku matasa ku ɗauki lallashin ku bar naciyar, don shi in ya ce zai koma to zai koma ko ana ruwan ƙanƙara, ku kuwa sai ku ce muna bin hanyar Baba alhali kun bar gidan ne kawai.

Maman Walida: Wannan kam gaskiya ce Baba Habu, ta shige mu

Nura Lab: Ni a ganina duk biyun aka haɗa aka ci nasara. A 2016 aka ga ƙwayar shan-inna ta asali, wadda ake kira ta daji, ta ƙarshe a Borno, a watan Agusta 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Ranar na ga Baba yana sauraron rediyo a ƙarƙashin darbejiya yana share hawaye, sai kuma ya tashi ya ce a je a duba firij don har yanzu da sauran aiki, ƙyanda ba ta tafi ba. Kuma ga shi har yanzu ana zagayen saboda ɗaya nau'in ƙwayar, wanda ba na daji ba.

Sani Kula: Baba Habu na karɓi wannan. Kuma ka san shi kansa yana cewa in ba don irinku masu zafi ba da irinsa sun yi ta zama a tabarma.

Malam Habu Duba-gari: Haka yake faɗa. Allah ya jiƙan shi. Ba ni da abokin musu yanzu.

Auwalu Rekod: To jama'a mu dawo kan maganar. In ba kalanda ba sai me? Ko mu haɗa kuɗi a yi abinci ranar sadakar arba'in?

Ibrahim Famasi: Gaskiya ni ba zan sa kuɗina a arba'in ba, ba ta da asali a sunna, addu'a kullum ake yi wa mamaci

Usaina: Malam Ibrahim don Allah kada mu buɗe wannan babin a nan, kowa da malamansa

Admin: Jama'a maganar arba'in ta iyalinsa ce, wanda zai je ya je wanda ba zai je ba ya yi addu'a daga inda yake. A bar ta haka don Allah. Anti tun ɗazu na ga kina rubutu, bismillah.

Anti Ungozoma: Ina ta rubutawa ina gogewa ne don ya hana ni faɗa yana da rai, amma yanzu dole ce ta sa. Ku duka kun san in mace ta zo da jijjiga ko jini ya ɓalle bayan haihuwa abin da za mu iya a nan kaɗan ne, mu yi mata allurar magnesium ta farko don jijjigar ko mu ba ta miso, maganin tsayar da jini, mu sa ruwa, sauran sai babban asibitin Jahun. Kuma kun san ba a nan ake rasa su ba, a wajen neman mota ne, miji ya fita tsakar dare yana buga ƙofofi neman rance, direba ya ce ba mai a tanki, kafin a haɗa gari ya waye. To shekara da shekaru duk ƙarshen wata in albashi ya shigo Baba yana kai wa wani direba a garin nan kuɗin mai ya ajiye, da sharaɗin duk daren da na kira shi ya taso ba tambaya, kuma tankinsa kada ya kwana a bushe. Akwai ɗan littafi a durowar ɗakin haihuwa da muke rubutawa, in dangi sun samu hali daga baya su mayar, in ba su samu ba shi ke nan ba mai bin su. Mazan suna zaton direban ne mai tausayi. Bayan ya yi ritaya daga fanshonsa ya ci gaba, kuma kun san yadda mai ya koma tun da aka cire tallafi a 2023, na ce Baba ka rage mana, ya ce to wace zan rage a cikinsu?

Lokacin ambaliyar 2022 da ruwa ya yanke hanya har mai kwalekwale ya yi wa irin wannan tsarin, a fito da mace ta ruwa direba na jira a tudu. Akwai yarinya 'yar rugar Fulani haihuwar fari da ta kwana biyu tana naƙuda a gida, da ba a kai ta a daren ba ko ta rayu to da yoyon fitsari za ta ƙare, ku je sashen masu yoyon a Jahun ku ga yadda jinkiri ke mayar da yara mata. An yi mata aiki, ita da ɗanta suna nan, shekaranjiya ma ta zo ta'aziyya da ƙwaryar nono.

Abin da ya sa na faɗa, direban ya zo jiya ya ce abin da ya rage a hannunsa bai fi na tafiya ɗaya ba. Ina da mata masu cikin wata tara a rijista yanzu haka, biyu jininsu yana hawa.

Sani Kula: Allahu akbar. Anti wallahi na san yana ba direban wani abu amma na ɗauka bashi ne a tsakaninsu, duk zaman da muka yi bai taɓa faɗa min ba

Maman Walida: Ya Allah. Ni kam kuka nake

Auwalu Rekod: Na janye maganar kalanda. Kuɗin da na ware mata ga shi nan a zuba a wannan.

Ibrahim Famasi: Wannan ita ce sadaka mai gudana, ina ciki ɗari bisa ɗari. Amma tambaya, ba akwai tsarin Haihuwa Lafiya da 'yan ƙungiyar direbobi da ke ɗaukar masu naƙuda ba? Kada mu yi aiki biyu.

Anti Ungozoma: Akwai Malam Ibrahim kuma suna ƙoƙari, muna kiransu. Amma ƙauyukan da ke rataye a wuyanmu sun yi yawa, na bayan fadama da damina sai an fito da mace a amalanke ko mashin kafin ta ga titi, wata rana kuma mata biyu ne a dare ɗaya. Na Baba cike gibi ne ba kishiya ba.

Malam Habu Duba-gari: Ku dakata kaɗan. Ban ƙi ba, amma kafin mu yi wa matan gari mu leƙa gidansa tukuna. Mutumin da yake raba fanshonsa haka me kuke zaton ya bari? Inna tana takaba wata huɗu da kwana goma ba fita, autarsa tana shekara ta biyu a makarantar Jahun, gonarsa ta gero ba a girbe ba. Kada mu gina masa suna a waje gidansa na kwana da yunwa.

Usaina: Gaskiya ne. Amma Baba Habu in muka ce sai mun gama da gida, matan Anti biyun nan fa? Naƙuda ba ta jira.

Nura Lab: Me zai hana a raba? Mu nawa ne a gidan nan, in kowa zai iya dubu biyu a wata, manyanmu su ƙara, rabi mai rabi karatun autar har ta gama. Sai dai a rubuta komai a fili, wanda ya bayar da abin da aka kashe, kamar yadda shi yake yi da littafinsa, don kuɗin haɗaka shi ke raba zumunci.

Sani Kula: Na yarda da Nura, sai gyara ɗaya. Karatun Autar ku bar min shi, ni zan ɗauka, ba don na fi kowa ba, ƙanwata ce, a gidansu na ci na sha lokacin ba ni da kowa a garin nan. Na riga na faɗa wa Inna tun ranar uku. Abin da aka tara gaba ɗaya ya tafi asusun mai, in ya so da azumi da sallah mu yi wa gidan wani abu daban.

Malam Habu Duba-gari: Allah ya yi maka albarka Sani. To girbin kuma nawa ne, zan tura yarana da amalanke, amma ina neman matasa masu ƙarfi ranar Asabar a yi gayya a gama a yini ɗaya kafin tsuntsu ya gama da shi.

Auwalu Rekod: Ina ciki Asabar in sha Allah

Nura Lab: Ni ma. Zan zo da ƙannena biyu.

Maman Walida: Mu mata abincin 'yan gayya namu ne, ni da Usaina za mu dafa a gidan Inna mu ɗebe mata kewa

Admin: Alhamdulillah. To an tsaya a kan haka: kuɗi a hannun Ibrahim Famasi, littafi a hannun Anti, duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin a turo nan kowa ya gani. Wanda ba shi da hali a wani watan ba laifi kuma ba za a kira sunansa ba.

Ibrahim Famasi: Na karɓa. Amma albashi da saura, wa zai fara rufe na yanzu?

Sani Kula: Zan kai wa direban na tafiya biyu yau bayan magariba, a cire min in an tara. Anti ki turo min sunan ƙauyukan matan nan biyu ta waya in faɗa masa tun yanzu ya san hanyar da zai bi, ta gada ko ta bayan fadama.

Anti Ungozoma: Ta gada zai bi, ta fadama har yanzu akwai taɓo. Na turo maka.